Jego a Barikin Turawa

Tsakanin gidajen babu hanyar ƙafa. Abin da Barakatu ta fara lura da shi ke nan ranar da motar kamfani ta shigo da ita barikin, jariri a cinyarta, mahaifiyarta Inna a gefenta rungume da ƙullin kaya. Ciyawa ce kore shar daga wannan ƙofa zuwa waccan, an aske ta daidai, ba inda sawun mutum ya kwantar da ita. A Warra, inda aka haife ta, ko baƙo ya shigo unguwa zai gane gidajen da ke shiri da juna, don ƙasa takan nuna.

Barikin yana bakin tafki, kudu da Yelwa. Wani kamfanin Turawa da ke haƙa hanyoyin ruwa don noman shinkafa ne ya gina wa manyan ma'aikatansa, ya kewaye da waya. Tun da aka gina shi baƙar fata ba ya kwana ciki sai kuku da mai shara, su ma a ɗakunan baya. Da gwamnati a Sakkwato ta matsa sai an ɗora 'yan ƙasa a kan manyan muƙamai, aka ba mijinta Tanimu, injiniyan famfuna, gida na ƙarshe a layin da ke kallon ruwa. Shi kaɗai ya fara tarewa, tana Yelwa da tsohon ciki. Ya taɓa ba ta labari yana dariya, wai a farkon zuwansa duk yamma sai wani bature ya rage gudun mota ya tambaye shi gidan wa yake nema. Dariyar ba ta daɗe ba.

Haihuwar ta zo da gardama. Ta zubar da jini da yawa, likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti, maganar tafiya jego Warra ta faɗi. Shi ne Inna ta baro gidanta ta biyo ta. Uwar Tanimu ta rasu, yayyen Barakatu mata kuma suna gidajen mazansu a ƙetaren ruwa. Ko miƙewa Barakatu ta yi sai jiri ya ɗebe ta. Addu'arta ɗaya ce, Inna ta kai ta arba'in.

Ranar da suka iso Inna ta leƙa banɗaki, ta dubi farin bahon wanka, ta murɗa famfon ruwan zafi ta tara hannu.

"Wanga ruwa ko kaza ba ya figewa," in ji ta. "Da shi za a gasa mai jego?"

Kafin magariba ta kafa murhu a bayan gida, ta ɗora rabin ganga. Tanimu ya sa aka kawo itace a tifa aka zube a kan ciyawa. Ganye kuwa ba ta sha wahala ba, itatuwan dogon yaro ne jere a bakin titi. Safe da yamma takan karyo, ta tsoma a tafasasshen ruwa, ta yi ta fyaɗa wa 'yarta har fatar ta yi jawur.

Da safiyar farko hayaƙi ya tashi ya bi layin gidajen a hankali. Barakatu tana zaune a bakin taga da kofin kunun kanwa, ta ga labulen gidan maƙwabta ya motsa. Sai na gaba da shi. Ba wanda ya fito. Gidaje shiru, sai ƙarar na'urorin sanyaya ɗaki da ba sa hutawa.

Matan da suka zo barka daga Yelwa ba su wuce ƙofar bariki ba. Maigadi, wani dattijo ɗan Ngaski mai suna Cindo, ya zaunar da su a gindin tsamiya, ya tako da kansa ya zo ya faɗa. Inna ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai Cindo, ɗiyan wa ka shanya a rana?"

"Inna, ba ni na ba. Cewa anka yi kowa sai mai gida ya zo ya shigo da shi."

"Mai gida shina wurin aiki. Mai jego ta fita?"

"To ke ki zo."

"Ni da ba a san ni ba? In na fita ka bar ni in komo?"

Cindo ya yi dariya, ya sosa ƙeya, bai ce e ba. Ranar matan suka aiko da sabulu da turmin atamfa, suka koma. Suna ma a Yelwa aka raɗa, can aka yanka rago, aka kawo musu nama a mota.

Wadda ta fara taka ƙofarsu ita ce Madam Hilda, matar Mista Lund shugaban aiki, masu gidan da ke jikin nasu. Doguwa ce, siririya, murmushinta ba ya sauka daga fuska. Ta zo da butar lantarki sabuwa a kwali. Barakatu ta yi kwalejin horon malamai, tana jin Turanci, ta ce mata ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta ce ta kawo wannan ne don a huta da hura wuta, hayaƙi ba shi da kyau ga jarirai, ita ma tana da ƙarami. Ta leƙa ta taga ta dubi Inna da ke sunkuye tana iza itace.

"Mai aikinku ce?"

"Mahaifiyata ce."

"Ayya." Murmushin ya ƙaru. "Har yaushe za ta zauna?"

Da ta tafi Inna ta shigo tana goge hannu da zani.

"Wagga mata ta tambayi jiki?"

"Ta tambaya," in ji Barakatu.

"Ban ga ta ɗauki angona ba." Inna ta sunkuci jikan nata ta ɗaga shi. "Ba ta san kana da mata ba ko? Bar ta, ita ta yi asara." Ta juya butar ta duba gindinta, ta yanke cewa za ta yi kyau da alwala, ta ajiye ta a bayan ƙofa.

Akwai wani abu na gidan Madam Hilda da ya tsaya wa Inna a rai. Kullum bayan azahar sai a turo jaririn a cikin kekensa, a ajiye shi a gindin mangwaro a gefen gida, a rufa masa farin gidan sauro, uwar ta koma ciki ta ja ƙofa. In ya yi kuka ba a fitowa da wuri.

"Ɗa na ko kuɓewa, da za a shanya shi a tafi?"

"Al'adarsu ce, Inna. Wai iska yake sha."

"Maciji fa? Ga gulbi nan kusa."

"Inna, don Allah kada ki je wurin."

"Ni mi za ni yi can," in ji Inna, amma idonta na kan mangwaron.

Wata Talata da la'asar Barakatu ta farka daga barci da haushin karnuka. Ba irin haushin da ta saba ji ba ne, daga kowane ɓangare yake zuwa. Ta dafa bango ta isa tagar gaba. Motoci sun tsaya barkatai a titi, ƙofofinsu a buɗe. Turawa maza sun jera suna gangarawa bakin ruwa, ɗaya riƙe da bindigar farauta, masu gadi suna tsokanar ciyayin gaɓa da sanduna. A bakin titi an tsayar da kukuna da masu shara a layi, hannuwansu a baya, wani bature yana bi yana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Matan Turawan suna tsaye a ƙofofinsu, kowace ta riƙe 'ya'yanta a gaba.

Cindo ya zo wucewa da sauri, ta kira shi a hankali.

"Baba Cindo, lafiya?"

"Ina lahiya. Ɗan Madam ya ɓace. Keke na nan, ɗa babu."

Ba ta san lokacin da ta saki labulen ba. Ta bi bango ta ratsa falo, ta ratsa kicin, ta tura ƙofar baya.

Ganga tana tafasa, tururi na tashi. Inna tana sunkuye da itace a hannu, ta ba ta baya. Daga ƙarƙashin zanin goyo, dama da hagu, ƙananan ƙafafu biyu farare suna lilo.

"Inna."

"Yi a hankali, yanzun ga ya samu barci."

"Inna, ɗan wa ne a bayanki?"

"Kin san ko na wa na. Kuka shi kai har muryatai ta dushe, rana ta juyo ta same shi a ka. Na yi ta sallama, ba wanda ya amsa. In bar ɗan mutane shi mutu ina kallo?"

"Kwance shi. Don girman Allah kwance shi yanzu."

"In ya tashi fa? Bari in sauke ruwa in kai mata abinta."

Ba su kai ga haka ba. Kare ne ya fara zagayowa ta gefen gida, dogo, baƙi, yana jan mai riƙe da shi. Sai Mista Lund, sai mai bindigar, sai Madam Hilda ba takalmi a ƙafarta. Bayansu wasu suka taru. Duk suka tsaya cak.

Barakatu ta bi idanunsu ta ga abin da suke gani. Tsohuwa baƙa da zane a kumatu, wuta, katuwar ganga na tafasa, adda a jingine da tarin itace, da ɗansu ɗaure a bayanta. Bakin bindigar yana kallon ƙasa, amma mutumin ya gyara riƙonsa.

Madam Hilda ta fara takowa, hannuwanta biyu a miƙe, a hankali, kamar mai tunkarar dabbar da ba a so ta firgita. Inna ta miƙe, ta sassauta zanin, ta kamo yaron ta hannu ɗaya ta zagayo da shi gaba, yadda ta yi wa 'ya'yanta da jikokinta duka. Wata mata a baya ta ja numfashi da ƙarfi. Yaron ya buɗe ido ya yi hamma.

"Ce mata ta shafa mishi mai ga wuya," in ji Inna. "Zafi ya ci shi."

Barakatu ta buɗe baki, Turancin ya ƙi zuwa daidai. Ta ce yana kuka ne, rana ta same shi, mahaifiyarta taimako ta yi. Madam Hilda ba ta dube ta ba. Ta karɓe yaron, ta duba yatsunsa, ta ɗaga rigarsa, ta sunsuni bakinsa.

"Me ta ba shi?"

Barakatu ta tambayi Inna.

"Ruwa na ɗiga mishi. Ƙishi shika ji."

"Wane ruwa?" in ji Madam Hilda. Ba ta jira amsa ba, ta juya, aka buɗe mata hanya, can aka ji mota ta tashi ta nufi asibiti.

Mista Lund ne ya rage. Ya cire hularsa, ya ce wa Barakatu ba komai, rashin fahimta ne, ta koma ta huta. Muryarsa mai taushi. Ya daɗe yana kallon gangar kafin ya tafi.

"Ko sannu," in ji Inna. Ta ɗaure zaninta. "Taho, ruwa na hucewa."

Washegari da Inna ta fita karyo ganye ta tarar an sare duk rassan ƙasa na itatuwan dogon yaro, tun daga ƙofar bariki har ƙarshen layi, an bar na sama inda hannu ba ya kai. Ta tsinci na ƙasa kafin masu shara su kwashe. A tsallaken titi kuma, daidai inda ake hango bayan gidansu, an ajiye kujera. Cindo ne a kai. Ba a sake turo keken jaririn gindin mangwaro ba. Yaran Turawa da ke yawo da kekuna da yamma suka daina zuwa ƙarshen layi, daga gida na uku suke juyawa.

Likita ya duba yaron bai ga komai ba, haka mai shara ya gaya wa Cindo. Amma kujerar ba ta tashi ba.

Ranar Alhamis Tanimu ya dawo da wuri, ya daɗe zaune a mota bai fito ba. Da ya shigo ya durƙusa daga bayan ƙofar kicin, kansa a ƙasa, ya gaida surukarsa kamar kullum.

"Inna, an wuni lafiya?"

"Lahiya lau. An dawo?"

Ya wuce ɗaki. Barakatu ta bi shi ta rufe ƙofa.

"Sun kira ni," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Me suka ce?"

"Shayi suka ba ni. Suka tambayi lafiyarki, da ta yaro. Suka ce aikina yana kyau."

"Sai me?"

"Wai matan sun tsorata. Wasu sun ce a kai maganar ga 'yan sanda a Yelwa, satar yaro. Lund ya ce shi ya hana. Ya ce yana ganin maganar za ta iya mutuwa da kanta."

"Da kanta yaya?"

Ya cire agogonsa ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ka gaya musu uwata ce? Ka gaya musu goyo ta yi?"

"Na gaya musu. Suka ce sun gane sarai. Kin san yadda suke cewa sun gane."

"Kai me ka ce?"

"Na ce na ji."

"Ka ji."

"To me zan ce, Barakatu? Ni kaɗai ne a ɗakin." Ya dube ta. "Ni dai ba zan dubi Inna in buɗe baki ba. Ko ruwa ba na sha gabanta, sai wannan?"

"Ni ce zan faɗa ke nan."

"Ban ce ki faɗa ba."

"In ta tafi wa zai yi mini wanka? Ko tulu ba na iya ɗagawa."

"Sun ce nas ɗin kamfani za ta riƙa leƙowa."

Barakatu ta yi 'yar dariya marar daɗi. Daga kicin suna jin Inna tana daka yaji, taɓarya na sauka daidai, ba sauri ba jinkiri. Tuwon da aka ajiye masa ranar haka aka ɗauke shi.

Ba ta faɗa ba. Juma'a ta wuce, Asabar ta zo. Karnukan da a da ake ɗaurewa aka fara sakinsu tun la'asar, baƙin nan yakan zo ya tsaya a iyakar ciyawarsu ya yi ta kallo, ba haushi. Da hantsin Asabar wata motar 'yan sanda ta shigo bariki, ta bi layin a hankali har ƙarshe, ta juya a gaban gidansu, ta tsaya a gidan Mista Lund. Ba su daɗe ba suka fito da kwalaben lemo a hannu.

Inna ta gani. Ta zuba kunun kanwa a kwano, ta tsallaka titi. Barakatu tana jin su ta taga.

"Ungo, tsoho. Tun safe kana zaune kamar mai jiran jirgi."

Cindo ya dubi dama, ya dubi hagu. Hannunsa ya taso ya koma.

"Na ƙoshi, Inna."

"Yau kuma? Kai da ka lashe kwano shekaranjiya?"

"An hana ni."

"To. Ɓarawo kaka tsaro nan?"

"Cewa anka yi in zauna."

"Ka zauna ka kalli wa?"

Cindo ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa a ƙasa.

"Ɗazu 'yan sanda, wurin wa sunka zo?"

"Inna, ni ɗiya gare ni," ya ce. "Shi ma Injiniya ɗa gare shi."

Inna ta tsaya riƙe da kwanon. Sannan ta juyo, ta tsallako, ta juye kunun a tukunya.

Da yamma, tana tsefe wa Barakatu kai, Barakatu ta ce, "Inna, ba inda za ki. Kin ji ko? Sai mun yi arba'in."

"Sunkuya," in ji Inna. "Kanki duk ya cukurkuɗe."

Wankan safiyar Lahadi ya fi na kullum daɗewa. Ganyen ya bushe, amma Inna ta jiƙa shi ya yi laushi. Da ta gama baya da kafaɗu sai ta damƙa wa Barakatu damin ganyen a hannu, ta riƙe wuyan hannun nata, ta tsoma, ta kaɗe, ta kai mata ciki. Ta sake. A karo na uku ta saki hannun ta tsaya tana kallo. Da Barakatu ta yi sanyin hannu sai ta girgiza kai, ta nuna mata da ƙarfi. Ta wanke jikanta, ta gasa masa cibiya, ta shafe shi da mai, ta sa masa kwalli. Ba ta tsokane shi ba. Ta dama kunu fiye da na kwana ɗaya, ta rufe. Tanimu yana ɗaki, ƙofa a rufe, bai fito ba.

Zafin ruwan ya saukar wa Barakatu da barci. Abin da ya tashe ta wata ƙara ce, cuuu, ta ruwa a kan garwashi. Inna ba ta taɓa kashe wutar nan ba, kullum takan bar bakin itace ɗaya don yamma.

Ta ja jiki zuwa taga. An kife gangar, an jingine ta da bango. An share tokar. Duwatsun murhun an mai da su gindin waya inda aka ɗauko su. Inna ta fito ta gefen gida da ƙullinta a ka, takalmanta a hannu. Ta tsaya a bakin titi ta sa su.

Barakatu ta ɗora tafin hannu a gilashin. Tagar ɗakin kwanan irin wadda ba a buɗewa ce, saboda na'urar sanyi.

Cindo ya miƙe daga kujerarsa ya cire hula. Inna ba ta dube shi ba, ba ta kuma waiwayi gidan ba. Ta gyara zaman ƙullin, ta kama tsakiyar kwalta, ta nufi ƙofar bariki. Baƙin karen ya taso ya bi ta a baya, nesa kaɗan, har ta fita.